Yadda ake jagorantar taro a wurin aiki har a tashi da matsaya

Akwai wani taro da har yau ba na mantawa da shi. Mu goma sha huɗu ne, an kira mu ƙarfe goma na safe a kan dalilin da ya sa kaya ke makara kafin su kai hannun masu saye. Goma da kwata muna jiran mutum biyu, da suka iso aka koma farko saboda su. Shugaban sashe ya buɗe da jawabin minti ashirin, ya faɗi inda yake ganin matsalar take, sannan ya ce, "To, ko akwai mai magana?" Aka yi tsit. Mai kula da sito yana can ƙarshen tebur yana juya biro a hannunsa, bai ce uffan ba. Sai da muka fito, a bakin ƙofa, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ai takardar fitar da kaya ce ke kwana biyu tana jiran sa hannu. Can gizo yake saƙar." Awa biyu ta mutum goma sha huɗu, awa 28 ta aiki ke nan, amma maganar da ta fi kowace amfani a bakin ƙofa aka yi ta.

Abin ya yi mini ciwo, domin duk waɗanda ke ɗakin mutane ne masu son aikinsu. Jagorancin taron ne ya gaza. Tun daga nan nake kallon jagorancin taro a matsayin sana'a da ake koyo, kuma aikin mai ita uku ne: ya fito da abin da ke cikin kawunan mutane, ya kai su ga matsaya, ya tabbatar kowa ya fita da sanin abin da ya rataya a wuyansa. Ga yadda ake yi, daga kafin a aika gayyata har bayan an watse.

Da farko, ka tabbatar taron ya zama dole

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya da za ta fara da: "Kafin mu tashi za mu yanke shawara a kan..." Idan ka kasa cika ta, kada ka kira kowa tukuna. Idan abin da ke gabanka sanarwa ce kawai, kamar sabon jadawalin hutu ko canjin lambar waya, saƙon imel ya wadatar. Idan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya amsawa, tashi ka same shi a teburinsa. Taro na al'amarin da sai an haɗa kawuna ne: zaɓi tsakanin hanyoyi, warware matsalar da ta ratsa sassa biyu ko uku, ko maganar da za ta iya ɓata rai idan aka aika ta a rubuce.

Sannan ka yi lissafi. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya rubuta a 1983 cewa idan awar manaja ta kai dala 100, to taron manajoji goma na awa biyu ya ci wa kamfani dala 2,000. Babu wanda zai bari a ɗauki kayan ofis masu wannan daraja ba tare da izini ba, amma kowa na iya kiran taro da danna maɓalli ɗaya. Ka ninka yawan mutane da yawan awanni, ka dubi adadin, ka tambayi kanka ko shawarar da za a yanke ta kai wannan nauyin.

Rubuta ajanda da tambayoyi

Yawancin ajandar da ake rabawa jerin sunaye ce: kasafin kuɗi, ma'aikata, sauran batutuwa. Irin wannan ba ta gaya wa kowa abin da zai shirya, kuma ba ta nuna lokacin da aka gama. Za a iya kwana ana magana a kan "kasafin kuɗi". Mayar da kowane batu tambaya: "Wanne cikin ayyuka uku za mu ɗage zuwa baɗi don kuɗin ya isa?" Tambaya tana da amsa, kuma da an samo amsar kowa ya san an wuce wurin. A gaban kowace tambaya ka rubuta minti nawa za ta ci da sunan wanda zai gabatar da ita. Tambaya uku sun isa taron awa ɗaya. Layin "sauran batutuwa" kuwa ka cire shi, don ta wannan ƙofar ce rabin awa ke sulalewa. Mai batu ya aiko da shi tun kafin ranar.

Batu mafi nauyi shi ne na farko, lokacin da kawuna ke da ƙarfi. Akwai dalili na biyu kuma. Masanin tarihi ɗan Birtaniya C. Northcote Parkinson ya kawo misali a 1957 na wani kwamiti da ya amince da gina tashar nukiliya cikin 'yan mintoci, sannan ya ɓata lokaci mai tsawo yana muhawara a kan rumfar ajiye kekuna. Tashar nukiliya ta fi ƙarfin sanin yawancinsu, sai suka yi shiru, rumfa kuwa kowa ya santa, sai kowa ya ga ya samu wurin tofa albarkacin bakinsa. Duk wanda ya daɗe a ofis ya ga irin wannan da idonsa: an sa hannu a kan babbar kwangila babu tambaya, an yi minti arba'in a kan launin fentin ɗakin baƙi. Idan ka sa ƙananan batutuwa a gaba, su za su cinye lokacin.

Ka aika ajanda da takardun da za a karanta aƙalla kwana ɗaya kafin taron. Na sani, da yawa ba za su karanta ba. Kamfanin Amazon ya samo wa wannan magani: tun 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint, manhajar haska taƙaitaccen bayani a allo, a taron manyan shugabanninsa, aka koma rubuta bayani cikakke da bai wuce shafi shida ba, kuma a farkon taro kowa ya zauna shiru ya karanta, wani lokaci har rabin awa. Ba lallai ka kai shafi shida ba. Shafi ɗaya da minti biyar na karatun shiru sun isa su sa kowa ya fara daga wuri ɗaya, kuma rubuta shafin na tilasta wa mai gabatarwa ya daidaita tunaninsa kafin ya ci lokacin mutane.

Wa za a gayyata

Mutum iri uku ne ke da kujera: wanda ke da ikon yanke shawarar, wanda ya san al'amarin daga tushe, da wanda zai aiwatar. Na tsakiyar nan ne aka fi mantawa da shi, saboda sau da yawa muƙaminsa ƙarami ne, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mai ikon yankewa ba zai samu zuwa ba, ɗage taron ya fi, don in ba haka ba za a yi ta magana a ƙare da "sai mun ji daga sama".

Yawan mutane na da lissafinsa. Tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana 10 na mutum da mutum. A mutum goma sun zama 45, a goma sha biyar 105. Shi ya sa taron mutum shida ke tattaunawa, na mutum ashirin kuwa ke rikiɗewa ya zama jawabi. Ni dai in ana son yanke shawara ba na son a wuce mutum bakwai ko takwas. Wanda ka bari a waje kada ka bar shi ya ji a bakin wasu. Ka same shi ka ce, "Hajiya, ban sa ki a zaman gobe ba don kada in ci miki lokaci. Zan turo miki abin da aka tsayar, in kuma kina da abin da kike so a duba, ki faɗa mini yau." Yawanci godiya za ka samu.

Lokaci da buɗewa

Magana takan miƙe ta cike duk lokacin da aka ba ta, don haka ka yanka lokacin ƙasa da yadda ka saba. Minti 25 maimakon 30, minti 50 maimakon awa, don mutane su samu sararin numfashi kafin abu na gaba. In taron bibiyar aiki ne na kullum, a yi shi a tsaye. Masu ƙera manhaja da ke bin tsarin Scrum minti 15 suke ba irin wannan zaman kowace rana. Wani bincike da Allen Bluedorn da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Missouri a 1999 ya nuna taron da aka yi a zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin ɗari, kuma shawarwarin da aka yanke a zaune ba su fi kyau ba.

Ka fara a kan lokaci ko da kujeru biyu babu kowa, kuma kada ka koma farko saboda wanda ya makara. Sau biyu ko uku kawai za ka yi haka kowa ya gane. Jiran mai makara hukunta wanda ya zo da wuri ne.

Buɗewar kada ta wuce minti biyu: ga abin da ya tara mu, ga tambayoyin, ga lokacin da za mu tashi. Ka naɗa mai rubutu, ka naɗa mai duba agogo, kada ka haɗa duka a kanka. Sai abu ɗaya da ake yawan tsallakewa, wato ka faɗi yadda za a yanke shawarar tun kafin a fara. Shin kai za ka yanke bayan ka saurari kowa? Ƙuri'a za a kaɗa? Ko sai kowa ya yarda? Kowace hanya na da wurinta. Abin da ke haifar da ƙorafi shi ne mutane su ɗauka ƙuri'a ce, sai a ƙarshe su gane an riga an gama magana tun jiya.

Tsakiyar taro, inda aikin yake

Ga ƙa'idar da na fi riƙewa: shugaba ya faɗi ra'ayinsa a ƙarshe. Da zarar babba ya nuna inda ya karkata, sauran sai su zama 'yan amshin shata, ba don munafunci ba, haka ɗan Adam yake. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya zaunar da mutane a rukuni ya nuna musu layuka a kan kati, ya ce su faɗi wanne ne ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take. Amma duk waɗanda ke ɗakin, ban da mutum ɗaya, an shirya da su su faɗi amsar da ba daidai ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Wannan tsakanin baƙi ne da babu mai iko da abincin wani. Ina ga ɗakin da mai sa hannu a kan ƙarin girmanka ke zaune? Amma Asch ya gano wani abin da ya fi amfanar mai jagorancin taro: in aka samu mutum ɗaya tak da ya saɓa wa jama'a, bin sahun nan na raguwa ƙwarai. Ma'ana, muryar farko da ta ce "ni ban gamsu ba" tana buɗe bakin saura, don haka ka kare ta, ka gode mata a gaban kowa.

Shugaban Amurka John F. Kennedy ya koyi wannan da tsada. A watan Afrilun 1961 mashawartansa suka bi shirin mamayar Kyuba, masu shakka a cikinsu ba su matsa ba, shirin ya wargaje cikin kwana uku. Da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya taso tsakanin Amurka da Tarayyar Soviet a Oktoban 1962, sai ya riƙa ƙin halartar wasu zaman da gangan, don mashawartan su yi gardama a sake ba tare da kallon fuskarsa ba. Ba sai ka bar ɗakin ba, amma kana iya riƙe bakinka.

To ta yaya ake fito da magana daga masu shiru? Hanya mafi sauƙi ita ce rubutu kafin magana. Ka karanta tambayar, ka ba kowa minti biyu ya rubuta amsarsa a takarda, sannan a zaga. Wanda ya riga ya rubuta ba ya saurin canza magana don ya ji ta wani. A zagayen ka fara da mafi ƙanƙantar muƙami ko wanda ya fi kusa da aikin, a hau sama, kai ne ƙarshe. Kuma ka daina tambayar "ko akwai mai magana?", don ba ta kama kowa. Ka kira mutum da tambayar da ta dace da saninsa: "Malam, kai ne ke karɓar takardun nan kullum, a ina suke tsayawa?" Da an yi wa mai sitonmu wannan tambayar, da taron bai wuce minti goma sha biyar ba. Bayan ka yi tambaya ka yi haƙuri da shirun da zai biyo baya. Ƙirga bakwai a zuci. Masu tunani mai zurfi sukan ɗan jinkirta, kuma in ka cike gurbin da muryarka ka rasa su.

Wannan ba kirki ba ne kawai. Binciken da Anita Woolley ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2010 ya nuna rukunin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye magana ba ya kai wanda ake karɓa-karɓa iya warware ayyuka iri-iri.

Sai mai dogon turanci, wanda babu ofishin da ba shi da shi. Kada ka kunyata shi, sau da yawa kishin aikin ne ke ɗibarsa. Ka jira ya ja numfashi, ka taƙaita maganarsa a jimla ɗaya, ka miƙa wa wani: "Na gane, kana ganin a fara da reshen da ya fi ciniki. An rubuta. Hajiya, ke me kika gani?" Taƙaitawar nan ita ce sirrin, domin mutum na maimaita kansa ne idan bai tabbatar an ji shi ba. In kuwa wanda ke jan maganar ya girme ka a muƙami, agogo ne abokinka: "Ranka ya daɗe, saura mana minti goma a kan wannan batu, kuma ba mu ji daga ɓangaren kuɗi ba tukuna."

Idan magana ta kauce hanya, ka ware gefe ɗaya na allo don batutuwan da za a dawo musu. Ka rubuta batun a gaban kowa, ka ce za a ba shi lokacinsa, a koma kan tambaya. Sharaɗin shi ne ka cika alkawarin, in ba haka ba gobe babu wanda zai yarda a ajiye maganarsa.

Saɓani kuwa kada ya tsorata ka. Taron da kowa ya yarda da komai tun minti biyar na farko ya fi ba ni tsoro. Abin da za ka tsare shi ne a tsaya a kan batun, kada a koma kan mutum. Da ka ji "ai ku kullum haka kuke", ka shiga tsakani nan take: "Mu bar kullum, mu dubi na makon jiya. Me ya faru ranar Talata?" Ka sa kowane ɓangare ya faɗi abin da ya fahimta daga maganar ɗayan kafin ya mayar da martani. Sau da yawa za ka tarar a kan abu biyu daban suke gardama. In shawara babba ce kuma ka ga an yi saurin amincewa, akwai dabarar da masanin halayya Gary Klein ya yaɗa: ka ce, "Mu ɗauka shekara ta zagayo, wannan shiri ya rushe. Kowa ya rubuta dalilin da ya sa." Wanda ke jin nauyin sukar shirin oga zai samu izinin faɗin abin da ke ransa, tunda kai ka nema.

In ta intanet ake taron, duk wannan na nan, sai dai kiran suna ya ƙara zama dole tunda ba a ganin wanda ya motsa zai yi magana. In wasu na ɗaki wasu na nesa, ka fara da na nesa, don su ake mantawa da su.

Rufewa

Ka tsayar da tattaunawa saura minti biyar, ko da daɗinta ake ji. Ka faɗi matsayar da babbar murya, da kalmomin da za a rubuta: "Mun tsayar cewa daga ranar Litinin mataimakin manaja zai iya sa hannu a kan takardar fitar da kaya in manaja ba ya nan. Akwai wanda ya fahimci wani abu daban?" A nan ne za ka gane mutum uku sun ji abu uku.

Kowane aiki ya fita da suna ɗaya da rana ɗaya. "Za a duba" ba aiki ba ne, "sashen kuɗi zai duba" ma bai isa ba, domin abin da aka ɗora wa kowa babu wanda ke ɗaukarsa. Wane ne, me zai yi, zuwa yaushe. Ka bari mai aikin ya faɗa da bakinsa, kuma in ya ce ranar ta yi kusa, a daidaita a nan, ya fi ya amsa don kunya ya kasa. In ba a kai ga matsaya ba, ka faɗi haka a fili, ka faɗi abin da ya rage a sani da wanda zai nemo shi. In an gama da wuri, a tashi da wuri.

Bayan an watse

Rahoton taro ya fita a ranar, ko washegari da safe in ya daɗe. Rabin shafi ya isa: abin da aka tsayar, ayyuka da masu su da ranakunsu, da batutuwan da aka ajiye a gefen allo. Babu buƙatar rubuta wane ya ce, wane ya ce, sai in doka ko tsarin hukumar ya wajabta. Ka tura wa waɗanda ka yi wa alkawari su ma.

Tarukan da ke maimaita kansu a kalanda kowane mako su ma suna son bincike. A watan Janairun 2023 kamfanin Shopify ya goge duk taron da ke maimaituwa na sama da mutum biyu daga kalandar ma'aikatansa, ya kuma ware ranar Laraba babu taro, don a ga waɗanda za a nema a dawo da su. Kai ma duk wata uku ka dubi naka, ka tambayi mahalarta su rubuto maka ba tare da suna ba: me za a rasa in aka daina wannan zaman? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Taro na gaba kuwa da jerin ayyukan nan za ka buɗe shi, kafin komai. Ka karanta layi-layi, mai aiki ya ce an yi ko ba a yi ba. In an yi, ka yaba a gaban kowa, a wuce. In ba a yi ba, kada ka yi faɗa, kada kuma ka kau da kai. Ka tambaya, "Me ya tare hanya, kuma me kake buƙata daga wurinmu?" A sa sabuwar rana, mai rubutu ya rubuta, a shiga tambayar farko ta ajanda.